Ƙarfen Mainassara

Shafi na 23

Salamu alaikum mutanen gidan nan. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in na ƙara yin shiru za ta hau motar Dakoro ta zo ta karɓa da hannunta. Ki zo, akwai fura.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Amale ba raƙumi ba ne, ƙarfe ne: bututun tsohon fanfo da aka zuba wa curin siminti biyu, kowanne girman bokitin wanka. Mainassara ya ɗaga shi sau ɗaya yana saurayi, kwance a kan benci, ba kowa tsaye a kansa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ba wanda ya sake. Yau ɗansa Yazidu ya rantse sai ya ɗaga.

*

Kasuwa ta fara watsewa, masu raƙuma na ta ɗaure kaya, Mainassara kuwa ko a jikinsa. Yana zaune a rumfarsa ta dillalai cikin sabuwar shadda, hula ta sha kari, sai ka rantse ɗaurin aure za shi. Tun safe duk wanda ya zo ciniki sai ya tafi da gayyata.

"Bayan la'asar hwa, tsohon gidanmu. Yaron nan za shi gwada Amale."

Yaron nan. Haka yake ce masa. Yazidu ɗan fari ne, kuma tun ranar suna Mainassara bai taɓa kama sunansa da baki ba, don kunya irin ta mutanen da. Ga shi yau yaron nan ya zama ƙato mai gemu, yana da garejin babura a bakin tasha.

An idar da la'asar, amma Mainassara bai tashi ba. So yake taro ya cika tukuna, ya shigo a miƙe masa.

"Dillali, har yanzu ƙarya kake sayarwa ko ka koma raƙuma?"

Ya ɗago. Wani tsamurarren mutum ne tsaye da sanda, tafin hannunsa duk siminti ya cinye.

"Tanimu! Kai Tanimu! Ashe Kornaka ba ta gama da kai ba?"

Suka rungume juna suna dariya irin wadda ke ƙarewa da tari. Tanimu magini ne, abokinsa tun suna yawo ba wando. Rabon da su haɗu tun rasuwar Zara, matar Mainassara, uwar Yazidu.

"Zamna, zamna. Allah ya kawo ka ranar da ta dace. Ka tuna lokacinmu?"

"Ina mantawa?"

"Mu tahi rijiya tun da sahe mu karɓe ma makiyaya guga, mu yi ta ja har hannu shi ƙi naɗuwa. Ba don Allah ba hwa, don damtse."

"Su ba mu nono da cuku."

"Mu dawo mu kwanta ƙarƙashin dogon yaro muna auna hannu da igiya. Kai naka kullum kamar karan dawa."

"Har gobe," in ji Tanimu.

Ya yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba. Ya ajiye sanda, ya duƙa, ya kasa kallon abokinsa.

"Tahowa nike da ɗan ragona, na ji ana zancen cikin mota. Gaskiya ne? Yazidu za shi kwanta ma Amale?"

"Yau ɗin nan."

"Wa za shi tsaya mishi a kai?"

"Ba kowa. Ni wa ya tsaya mini?"

"An auna shi?"

Mainassara ya yi tsaki. "Kai ma? Amale buhun wake ne da za a kai shi sikeli?"

Ai wannan maganar ita ce ta jawo komai. Ranar Sallah ce, gida cike da baƙi, Yazidu ya durƙusa gefe yana bayani a hankali, kamar yadda ya koyo a ɗakin ɗaga ƙarfe na Maradi.

"Baba, ba haka ake yi ba yanzu. Sai jiki ya yi zahi tukuna. A hwara da marar nauyi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, a ba jiki ranar hutu. Kuma ba a kwanciya ƙarƙashin ƙarhe sai da mutum tsaye a kai. Ka bari mu san kilonshi, in ga ko na kai."

Mainassara ya kwashe da dariya, ya juya wajen baƙi.

"Kun ji 'yan zamani. Ƙarhe ma sai an riƙe musu hannu kamar masu koyon tahiya. Mu da munka ɗaga, wa ya hwaɗa mana kilo?"

Baƙi suka yi dariya. Yazidu bai yi ba. Ya tashi, ya ce in sha Allahu kafin a gama girbi zai ɗaga Amale yadda ubansa ya ɗaga, ba sikeli, ba mutum a kai. Mainassara ya ji daɗin maganar har cikin ƙashinsa, don me zan ɓoye muku.

"Mainassara," in ji Tanimu. "Ka hana shi."

"In hana shi? Jinina ne. Ƙarhinshi ma ya hi nawa, don dai ba ni hwaɗi gabanshi."

"Ko ya hi naka biyu, ka hana shi."

"Don mi?"

Tanimu ya kau da kai.

"Tanimu, don mi?"

"Don ba shi ne ka ɗaga ba."

Mainassara ya tsaya yana kallonsa kamar an yi masa magana da wani yare.

"Mi ka ce?"

"Amalen da ke gidanku yanzu, ba shi ne ka ɗaga ba. Bututun dai shi ne. Simintin ba shi ba ne."

"Rana ta buge ka a mota."

"Ka tuna ranar da munka zuba shi? Kai ba ka nan. Babanka ya aike ka Sabon Maci da awaki."

Mainassara ya tuna. Ya dawo ya tarar da abin a jingine yana bushewa, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu.

"Rabin buhun siminti gare mu, ragowar ginin lakwal, makarantar bokon nan. Munka kwaɓa, munka zuba, ko rabin bokiti bai cika ba. Ga samarin Sabon Maci suna ta cika baki da girman nasu. Na ce wallahi namu sai ya hi nasu girma ko da mi."

"Sai?"

"Sai na sa gora."

"Gora?"

"Goran nono. Ɗaya nan, ɗaya nan. Na toshe bakinsu, na dasa su tsakiyar bokiti jikin bututu, na zuba siminti ya ruhe. Da ya bushe, ni kaina sai da na ji tsoronshi."

Wani raƙumi ya yi kuka a bayansu. Mainassara ya ji kukan kamar daga wani gari.

"Ƙarya kake."

"Da ma ƙaryar ce."

"Samari nawa sunka gwada ranar nan sunka kasa? Kana wurin!"

"Ina wurin. Nauyi akwai shi, ban ce babu ba. Ƙarhi kuma kana da shi, duk Dakoro ba kamarka, wanga ko gaban alƙali na hwaɗa. Abin da ka ɗaga ka ɗaga. Amma ba wanga ba ne."

"To wanga daga ina?"

"Da ka tahi Libiya, damina ta biyu katanga ta hwaɗa mishi, ya tsage. Gora ya leƙo. Lokacin na hwara bin magina, siminti bai yi mini wuya. Na ja shi bayan gida, na hwasa, na sake zubawa a bokitin nan dai. Na ce bari in gyara kuskurena, in yi na gaske. Na cika shi da tsakuwa, na zuba guntayen ƙarahuna na gareji, na shahwa mishi jan fentin nan."

"Nawa ya ƙaru?"

"Ban auna ba. Amma ka ɗauka an rataya ma wancan tunkiya nan, tunkiya nan."

Mainassara ya dafa kafaɗarsa ta hagu bai sani ba. Ita ce wadda bulo ya faɗo wa a wajen gini a Libiya, wadda har yau ko buta cike da ruwa ba ta iya ɗagawa. Saboda ita, tun da ya dawo bai sake taɓa Amale ba, sai dai ya shafa shi in zai wuce. Shekara da shekaru samari na zuwa daga ƙauyuka, su kama, su ji kamar an dasa shi a ƙasa, su saki suna girgiza kai. Kowane ya kasa, sunan Mainassara ya ƙara tsawo.

Ashe abin da suke kasawa shi ma bai taɓa ɗagawa ba.

"Ka bar ni shekara talatin ina ba mutane labari," in ji Mainassara. "Kana zamne, kana ji."

"Da hwarko dariya abin ya ba ni. Daga baya na ga ka dawo ba kahwaɗa, ba dukiya, abin ga kaɗai ya rage maka. In karɓe?"

"Wa ya sani bayan kai?"

Tanimu ya ɗauki sandarsa, ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Wa ya sani, Tanimu?"

"Ina kake zaton na samo goruna? Mu gidanmu ko akuya babu."

A'a. Wannan kam Mainassara bai so ji ba.

Ranar nan ita ce ranar da ya fi so a duk rayuwarsa, kuma ba don ƙarfen ba. Da ya miƙe hannuwansa Amale na sama, ihu ya cika gida, idonsa ya sauka a kan katanga. Wata yarinya ce ta taka turmi ta leƙo, ƙwaryar furarta a kai, ta rufe baki da gefen gyale tana dariya. Ya yi ta ba da labarin dariyar nan har ya aure ta, har ta haifa masa yaron nan, har ta tsufa a ɗakinsa. Kullum ya zo wurin sai ya ce, "Ganin ƙarhina ne ya sa ta kasa ruhe baki." Zara kuma sai ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa, ta ce, "Haka ne, Malam."

"Na innarta ne," in ji Tanimu a hankali. "Ita ta miƙo mini su ta kan katanga. Har dukan tsiya ta sha da anka neme su."

Mainassara ya buɗe baki, dariya ta fito, sai ta juye ta zama wani abu daban. Ya ja hularsa ya rufe fuska. Dillali guda, mai jikoki a hanya, yana kuka a tsakiyar kara, kuma bai damu da wanda ya gani ba.

"Ta sani. Duk shekarun nan ta sani."

"Ta san na hwarko, ta san na biyu. Da na sake zubawa na hwaɗa mata. Ta ce, Tanimu, in dai ba wanda za shi cutu, a bar mishi abinshi."

"Ta ce haka?"

"Ta ce ita ba ƙarhe ta aura ba. Wai da ka sauke shi ka tashi, kowa na jiran kirari, kai kuwa takalminka kake nema don kunya. Wai nan ta ji tana sonka."

Kayya. Zara.

Sai ga maganarta ta ƙarshe ta dawo masa, a ɗakin likita, hannunta cikin nasa ba nauyi. "Malam, ka yi mini alkawari guda. Kar ka bari yaron nan ya kwanta ma Amale." Ya ce ya yi. Ya ɗauka tsoro ne irin na uwa. Ya riƙe alkawarin har ƙasar kabarinta ta kwanta, sannan baƙi suka zo ranar Sallah, bakinsa ya fi ƙarfinsa.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Mamani ne, abokin Yazidu.

"Baba, kana ina? Gida ya cika. Ya gama ɗumama jiki, ya ce ba shi jira. Wai ya hi so ka iso ka tarar an yi."

"Ce mishi shi dakata!"

"Na hwaɗa mishi, Baba. Ya ce in jiki ya huce shi ke nan. Ko akwai dalili?"

Dalilin yana kan harshen Mainassara. Kalma uku ce ko huɗu. Ya ji hayaniyar mutane ta cikin wayar, ya gane muryoyin wasu, dillalai 'yan uwansa, surukansa, yaran da suka tashi suna nuna shi da yatsa.

"Ce mishi dai... ga ni nan."

Ya kashe. Tanimu na kallonsa, kallon da ya fi zagi ciwo.

"Akwai dabara," in ji Tanimu daga baya. "Ka ɗaga ranar. Ka ce ba ka jin daɗi, ka ce komi. Ka ba ni mako guda da Amale a bayan gida. Goruna ba su ƙare a duniya ba. Shi ɗaga, shi samu suna, naka kuma shina nan."

Mainassara ya share fuska. Wallahi ya ji sanyi a ransa, kuma ya ji kunyar sanyin.

"Haka za a yi. Tashi."

Suka tare kabu-kabu, su biyu a baya, shadda na kaɗawa. Suka wuce rijiyar da suke jan guga, yanzu an rufe ta da faifan siminti. Suka wuce lakwal. Duk hanya Mainassara na jera ƙaryarsa yana gyara mata zama.

Tsohon gidan ya cika har kan katanga. Bishiyar dogon yaron na nan, ta ƙara kauri. Turmi ma akwai a gindin katangar, ko da yake ba wancan ba ne. Mutane suka dare, ana "Ga mai Amale! Ga mai Amale!"

Bai ji daɗin kiran ba, karo na farko.

Yazidu na kwance a kan benci, ƙafafu a kafe a ƙasa, tafin hannu ya sha toka. Amale na bisa kansa a kan sanduna biyu masu baki. Samarin da suka ɗora shi suna gefe, har yanzu suna dafe da ƙugu. Ba kowa a wajen kansa. Mamani ya matso sau ɗaya, Yazidu ya kore shi.

"A dakata!" in ji Mainassara. "A bari sai wani mako. Yau ba ni jin daɗin jikina."

Gida ya ɗauki gunaguni.

Yazidu bai tashi ba. Idonsa na kan bututun.

"Lahiyarka lau da sahe, Baba."

"Na ce a bari."

"Kana ganin ba ni iyawa."

"Ba haka ba ne."

"Haka ne. Tun ina yaro haka ne." Ya gyara riƙo, yatsa bayan yatsa. "Ka yi mini dariya gaban baƙi, na shanye. Yau in na tashi daga bencin ga ban ɗaga ba, da wane ido za ni hita tasha?"

"Kai, ji nan..."

"Bismillahi."

Ya ja numfashi ya cika ƙirji, ya tura.

Amale ya bar sandunansa.

Ihu ya tashi, amma Mainassara fuskar ɗansa yake kallo. Ya ga lokacin da nauyin ya sauka a hannuwan, ya ga idanun sun buɗe. Wanda ya saba da ƙarfe ya san abin da ya fi ƙarfinsa tun a taɓawar farko. Yazidu ya sani. Kuma Mainassara ya ga yaron ya cije leɓe, yana shirin saukar da shi kan ƙirji duk da haka.

Bai san lokacin da ya ratsa mutane ba. Sai ganinsa aka yi a wajen kan benci, gurbin da ya yi shekaru yana yi wa dariya, ya ware ƙafa, ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin bututun.

"Baba... cire... hannunka."

"Ba ni cirewa."

"Kai... ba wanda... ya tsaya maka."

Jijiyoyin wuyansa sun tashi. Toka na zubowa daga tafinsa tana sauka a gemunsa. Mainassara ya ɗaga kai ya dubi katanga, wurin da turmi yake. Yara ne kawai a kai.

"Yazidu."

Tsofaffin da ke wurin suka dubi juna, don ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin nan.

"Yazidu, ɗana. Wanda na ɗaga gora ne a cikinshi." Ya ɗaga murya yadda na kan katanga ma za su ji. "Gora ne! Goran nono, guda biyu! Wanga ban taɓa ɗaga shi ba, ba kuma mai ɗaga shi. Maida shi, don darajar uwarka."

Wani ya yi 'yar dariya a baya, aka ce masa shit.

Yazidu ya juyo da idanunsa sama, ya dubi ubansa a juye. Bakinsa ya motsa kamar zai yi tambaya, numfashin da ya riƙe ya kuɓuce.

"Mamani! Tanimu! Ku kama!"

Kafin su taka, gwiwar hannun Yazidu ta hagu ta lanƙwashe, Amale ya karkato gaba ɗaya a kan hannun Mainassara na hagu, wanda ko buta ba ya iya ɗagawa.

Bai janye ba.